Illela da ƙuri'un ƙasar Adar

Malam, ka tambaya ko Illela mazaɓa ce mai zaman kanta. A'a, kafin juyin mulkin 2023 a Nijar, a zaɓen ƴan majalisa ƙuri'unta suna shiga lissafin jihar Tawa baki ɗaya, saɓanin Tasara ta can arewa, wadda aka ware mata kujera ta musamman saboda Larabawan Azawak.

Illela ƙasa ce ta duwatsu da fadamu, mazaunin Sarkin Adar, inda Adarawa ke noman hatsi da damina, da rani kuwa samari su tafi cirani har Abijan. A Dandaji, cikin ƙasar Illela, aka haifi tsohon shugaban ƙasa Mahamadu Isufu, shi ya sa, a ganina, jam'iyyarsa ta PNDS-Tarayya ta yi ƙarfi a nan, har zaɓen Bazum na 2021.