Shin majalisar jiha tana da hurumin ƙayyade girman tiya a kasuwa?

Tambaya: Ni ne sakataren ƙungiyar masu sayar da hatsi a kasuwarmu. Majalisar dokokin jiharmu tana duba wani ƙudurin doka da zai tilasta amfani da tiya iri ɗaya mai tambarin gwamnatin jiha, tare da tara da ƙwace kayan wanda ya saɓa, kuma an ce ya tsallake karatu na biyu. Shin jiha tana da wannan iko, kuma me ya kamata mu yi?

Amsa: Malam Sakatare, da farko ka kwantar da hankalin mutanenka, domin ƙuduri bai zama doka ba tukuna, kuma sashe na 36(12) na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a hukunta mutum kan laifin da ba a fayyace shi tare da hukuncinsa a rubutacciyar doka ba. Duk wanda ya zo rumfarku yau ya ƙwace buhun masara da sunan wannan ƙuduri, ya yi aiki ne ba bisa doka ba.

Najeriya tarayya ce, wato an raba ikon yin doka tsakanin gwamnatin tsakiya da jihohi 36, kuma sashe na 4 ne ya yi rabon. Jadawali na biyu na kundin yana ɗauke da jeri biyu. Na farko ya ƙunshi abubuwan da Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce kaɗai ke yi musu doka, irin su tsaro da kuɗin ƙasa da ma'adinai. Na biyu kuma na tarayya da jihohi ne baki ɗaya, kuma cikinsa aka mayar da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali a gyaran 2023. Abin da bai shiga ko ɗaya daga cikinsu ba, na jiha ne. Sha'anin awo da ma'auni yana jeri na farko, a lamba ta 65, kuma akwai dokar tarayya a kansa. Saboda haka, idan ƙudurin yana ƙirƙiro ma'auni ne na jiha, yana yanke yawan hatsin da tiya za ta ci, kuna da hujja mai ƙarfi cewa majalisar ta shiga gonar da ba tata ba, kuma sashe na 1(3) ya ce duk dokar da ta ci karo da kundin, ɓangaren da ya ci karon ba shi da tasiri.

Sai dai ina gargaɗinku da kada ku ɗauka an gama magana. Kafa kasuwanni da tsara su aikin ƙananan hukumomi ne bisa jadawali na huɗu, kuma jiha tana da ikon hukunta algus da zamba. Wanda ya bubbuga gindin kwano ya shige ciki don ya rage awo, ko ya saya da babbar tiya ya sayar da ƙarama, ba zai fake da tsarin tarayya ba. Haka kuma ba kullum tarayya ke yin nasara a kotu ba: a 2013 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa jihar Legas ikon yi wa otal-otal rajista da sa ido a kansu. Kalmomin da aka rubuta ƙudurin da su ne za su raba gardama, don haka ku nemi kwafinsa a ofishin akawun majalisa tun yanzu.

Bayan karatu na biyu ana miƙa ƙuduri ga kwamiti, wanda sau da yawa yakan kira zaman sauraron ra'ayin jama'a. A ganina wannan ce damarku mafi sauƙi kuma mafi araha. Ku rubuta takardar matsayinku sashe bayan sashe, ku je da tiyoyin da ake awo da su a kasuwarku a gani da ido, ku kuma sanar da ɗan majalisar mazaɓarku. Ku nuna ba ku adawa da cika mudu, abin da kuke nema shi ne a daidaita ƙudurin da dokar tarayya, a cire ƙwace kaya ba tare da hukuncin kotu ba.

Idan majalisa ta amince da shi a karatu na uku, sashe na 100 ya ba gwamna kwana 30 ya rattaba hannu ko ya ƙi. A cikin waɗannan kwanaki ku kai ƙorafi a rubuce ga kwamishinan shari'a, wanda shi ne mai ba gwamna shawara kan doka. Ko gwamna ya ƙi, majalisa tana iya mayar da shi doka da rinjayen kashi biyu cikin uku.

Kotu ita ce mataki na ƙarshe, domin alƙalai ba su cika tsayar da majalisa tana tsakiyar aikinta ba. Da zarar ya zama doka, za ku iya roƙon kotu ta soke sassan da suka wuce hurumi, tare da neman umarnin dakatar da aiwatarwa har a yanke hukunci. Ku tabbatar ƙungiyarku tana da rajista kafin ta shigar da ƙara da sunanta, ku kuma ci gaba da bin dokar matuƙar kotu ba ta dakatar da ita ba.