Me ya haɗa janareta, 5G da Gen Z?

Tambaya: Malam, a makaranta an koya mana cewa generation na nufin tsara. Sai kuma na ji wai G ɗin da ke cikin 5G ma kalmar ce. Mene ne asalinta?

Amsa: Malama, abin da kika ji gaskiya ne. Tushenta Latin ne, generare, wato haifa, wadda ita ma ta fito daga genus, asali ko jinsi. Ta biyo ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci wajen shekarar 1300, tana nufin haihuwa da zuriya. Daga nan ta zama hawa ɗaya a salsalar dangi: kaka, uba, ɗa, hawa uku ke nan. Shi ya sa 5G ke nufin hawa na biyar na fasahar wayar salula, kowane hawa ya gaji wanda ya gabace shi. Janareta kuwa ɗan'uwanta ne na jini, domin lantarki yake haifarwa.

Shekara nawa ne hawa ɗaya? Magabata ba su haɗu a kan lissafi guda ba. Herodotus, marubucin tarihi na Girka, ya sa hawa uku a shekara 100. Masanin tarihi Ibn Khaldun a littafinsa Muƙaddima ya ce 40 ne, kuma daula galibi ba ta wuce hawa uku, wato shekara 120. A yau akan ɗauki 25 zuwa 30.

Ma'anar tsara da kuka koya ta fi bunƙasa bayan 1928, lokacin da masanin zamantakewa Karl Mannheim ya nuna cewa haihuwa a lokaci ɗaya ba ta isa ba, sai wani babban al'amari ya riski mutane tare suna kan tasowa.

A nan ne nake ja da yayin kiran kowane matashi Gen Z. Cibiyar bincike ta Pew ta Amurka ce ta yanke cewa Gen Z su ne waɗanda aka haifa daga 1997 zuwa 2012, kuma dukan jerin sunayen tsararraki irin su Gen Z ya ginu ne a kan tarihin Amurka, tun daga yawan haihuwar da suka samu daga 1946 zuwa 1964 bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Idan za a raba tsararraki a Najeriya, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 da shirin gwamnati na tsuke bakin aljihu da ake kira SAP a 1986 sun fi cancanta su zama iyaka.