Amsa ga ƙanenmu da ɗan Chana ya ce ya koya masa Turancin jarrabawa

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun da safe, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce abokin karatunka ɗan Chana ya zauna CET-6, jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'a a Chana, sau biyu bai kai maki 425 da ake ɗauka an haye ba, yanzu ya maƙale maka wai tunda daga Najeriya kake ai Turanci a bakinka yake, ka taimaka masa ya tara kalmomi ya kuma riƙa gane abin da ya karanta kafin ta Disamba, kai kuma ka rasa ta ina za ka faro. Toh ni na sha wannan ɗawainiyar, shekara uku na yi a Wuhan ina digiri na biyu, kuma mutum uku na zauna da su a kan wannan jarrabawar.

Kuskuren da na fara yi shi ne na ɗauka kalmomi ne ba su da su. Ina! Wallahi wani yaron ya fi ni yawan kalmomin Turanci a ka. Tun a sakandare sun haddace wajen 3,500 saboda gaokao, jarrabawarsu ta shiga jami'a, a jami'a kuma su ɗora wasu dubbai saboda CET-4 da CET-6. Ka fita da sassafe ka duba bakin tafki ko ƙarƙashin bishiyoyi, za ka gan su kowa da littafinsa yana ta maimaitawa da ƙarfi, ni dai ranar farko makarantar allonmu na tuna, sai ka ce tilawar asuba. Su da kansu suna da wata barkwanci, wai yawancin littattafan kalmomi da abandon suke farawa, wato yin watsi, sai ɗalibi ya haddace abandon ɗin daga nan shi ma ya yi watsi da littafin. Matsalar tana ga yadda suke haddar: kalmar Turanci ɗaya, fassarar Sinanci ɗaya, shi ke nan. Yaron da na fi daɗewa da shi ya san address, adireshi, ko cikin barci ka tashe shi zai faɗa maka. Muka zo wani sakin layi da aka ce gwamnati ta kasa address matsalar, wato ta kasa tunkarar ta, sai ya yi tsuru yana neman inda adireshin yake. Haka subject, haka figure, haka account. Suna da suna ma ga wannan, shuci piyi, wato kalmar da ka sani da ma'anar da ba ka sani ba, kuma masu shirya jarrabawar nan suke ɗana tarko.

Don haka kafin komai ka san fasalin jarrabawar, kar ka yi irin tawa. Makin duka 710 ne, ɓangaren karatu kashi 35 cikin ɗari, kuma minti 40 kacal ake ba su. Kashi uku ne a ciki: a ba ka kalmomi 15 ka cike gurbi 10, sai dogon rubutu da za ka haɗa jimloli 10 da sakin layin da suka dace, sai gajerun rubutu biyu kowanne da tambaya 5, kuma waɗannan biyun na ƙarshe su suka fi nauyin maki. Ni da ban san haka ba sai na kwashe kusan wata guda muna hira da Turanci ina gyara masa furuci, ina jin daɗi wai ina koyarwa, da muka gwada tsohuwar takarda ko gezau makinsa bai yi ba. Kunya ta kama ni sosai ranar.

Abin da ya canza lamarin shi ne zhenti, wato takardun jarrabawar da suka wuce, ana sayar da su a kowane shagon littattafai na makaranta, a Taobao, kasuwarsu ta intanet, ma ba tsada. Na ce ya ajiye littafin kalmomin nan tukuna, duk kalmar da za mu koya daga cikin zhenti za ta fito, kuma ba za a rubuta ta ita kaɗai ba, sai da jimlar da aka same ta a ciki. Yana da Baicizhan a waya, manhajar haddar kalmomi mai haɗa kalma da hoto, ban hana shi ba, amma na lura hoton yake ganewa ba kalmar ba, in ka rufe hoton sai ya fara soshe-soshen ƙeya. Muka koma Anki, manhajar katunan hadda, gaban kati jimla, bayansa ma'ana. Maganar maimaitawa kuwa ba sai ka koya musu ba, kusan kowane ɗalibi a can ya san Ebbinghaus, Bajamushen nan da ya yi bincike kan yadda mantuwa ke cin abin da aka haddace, har jadawali suke bugawa da sunansa.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne doguwar jimla, suna ce mata chang nan ju. Nan za ka fi ɓata lokaci kuma nan ya kamata ka ɓata shi. Kaga a Sinanci duk bayanin da ke siffanta suna gabansa yake zuwa, a liƙa 'yar kalmar nan tasu de sannan sunan ya biyo, sai ka ce kayan lefe ne suka riga amarya isowa. Turanci kuwa kamar Hausa ne a nan, sunan ne a gaba bayani na biye, mutumin da ya zo jiya wanda ya sayi motar da aka sace, mu wannan bai ba mu wahala don haka muke magana tun muna yara. Shi kuwa yana bin jimlar kalma-kalma yana fassarawa a ransa, kafin ya kai layi na uku ya manta wa ake magana a kai. Ga shi aikatau a yarensu ba ya canza siffa saboda lokaci, don haka idonsa bai saba farautar aikatau ba. Abin da na yi mai sauƙi ne, kullum jimla biyar mafi tsawo daga zhenti, in miƙa masa biro in ce nemo min babban aikatau, wa ya yi, me ya yi. Duk abin da ya fara da which ko that ko who, ko aka kewaye shi da waƙafi biyu, a ja masa layi a ture gefe. Sai ka ga jimla mai kalma 50 ta koma kalma 6. Satin farko kamar zai yi kuka, a sati na uku shi ke riga ni ganowa.

Wani abin da ya yi mana aiki, saiwar kalma. Na tambaye shi me ya haɗa harafin kogi da na teku da na tafki, ya ce ɗigon ruwa uku ɗin nan na gefe mana. Na ce toh Turanci ma yana da nasa, port ɗauka ne, shi ya sa import da export da transport. Ya buɗe baki. Sai dai kar ka zurfafa, wasu kalmomin saiwar ba ta kai ka ko'ina.

Sai dabarar tambayoyin. Amsar gaskiya ba kasafai take maimaita kalmomin rubutun ba, sake mata riga ake yi, wadda ta kwafo kalmomin sak sau da yawa ita ce tarkon. Mun buɗe littafi, hannun hagu yadda rubutun ya faɗa, hannun dama yadda amsar ta juya shi. Bayan takardu kamar goma ya fara ganin abin da kansa.

Karatun nishaɗi kuma kar ka cika masa ciki da The Economist tun yanzu. Paul Nation na ƙasar New Zealand ya nuna mai karatu na buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin ɗari na kalmomin rubutu kafin ya karanta cikin sauƙi, wato baƙuwar kalma ɗaya a cikin 50. China Daily ta fi, don labarin ƙasarsu ne ya riga ya san kansa. Doka ɗaya na kafa, karatun farko ba a taɓa ƙamus ɗin waya na Youdao, sai an kai ƙarshe an faɗa min da baki me aka fahimta. A kan wannan dokar mun yi rigima ba sau ɗaya ba.

Af, dan Allah kar ka karɓi kuɗi. Bizar ɗalibi gare ka, aiki ba izini na iya jawo tara ko ma a koro mutum gida. Ku yi ban gishiri in ba ka manda, shi ya taya ka HSK, jarrabawar Sinanci ta baƙi, ni haka na yi.

Yaron nan dai ya haye 425 a zama na gaba, ba da rata mai yawa ba amma ya haye, wani cikin sauran biyun kuma bai haye ba don shi ashe sauraro ne ciwonsa ni ina ta fama da karatu. Shi ya sa ka ce abokin naka ya nuna maka takardar sakamakonsa ta baya, ana raba makin sauraro daban, na karatu daban, rubutu da fassara a haɗe. Turo min lambobin uku in gani kafin ku sayi ko littafi ɗaya.