Muryar Malam a kan kalmar “unto”

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Ƙanwata, na saurari tambayarki tun da rana, sai yanzu na samu zama. Kin ce kina karanta fassarar Alƙur'ani ta Turanci kina ta cin karo da “unto”, kina tambaya ko masu buga littafin ne suka yi kuskure, “onto” suka so rubutawa. A'a wallahi, ba kuskure ba ne. Tsohuwar kalma ce, tun wajen shekarar 1300 ake samunta a rubutun Turawan Ingila, tana cikin ƙananan kalmomin nan masu haɗa magana, irin su “ga” da “zuwa” da “daga” a wajenmu.

Ma'anarta ba wuya. Duk inda kika gan ta, ki cire ta ki sa “to” ɗin Turanci, za ki ga magana ta miƙe. Wato “ga” ko “zuwa ga”. Wani lokacin kuma tana nufin “har”, kamar a ce “faithful unto death”, mai riƙon amana har mutuwa. Wannan “un” ɗin da ke gabanta kada ya ruɗe ki, ba na korewa ba ne irin na “unhappy”, shi ne dai wanda ke cikin “until”.

Ina kyautata zaton fassarar Marmaduke Pickthall ce a hannunki, Baturen Ingila da ya musulunta, ta fito a 1930. Ki buɗe ƙarshen Suratul Kafirun, lakum dinukum waliya din. Shi cewa ya yi “Unto you your religion, and unto me my religion.” Abdullah Yusuf Ali kuwa, wanda tasa ta fara fitowa a 1934, a wannan wurin “To you” ya sa. Kin ga ke nan abu ɗaya suke faɗa. A zamanin Pickthall ma mutane sun daɗe da daina faɗin “unto” a hira. Da gangan ya ɗauko ta, domin kunnen Bature ya saba jin ta a Littafi Mai Tsarki na fassarar Sarki James ta 1611, inda take ko'ina, da kuma wasannin Shakespeare. Da ya ji ta ya san maganar girma ake yi, sai ya nutsu. Ni kam ina ganin hikimarsa, ko da yake ta wahalar da ɗalibai irinku.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne sosai, don nan ne yara suke faɗuwa. Kowace “unto” tana iya komawa “to”, amma ba kowace “to” ce take komawa “unto” ba. In aikatau ne ya biyo baya, kamar “I want to go”, ba a cewa “unto go”. Suna take bi, ko wakilin suna: “unto him”, “unto the people”. Ita kuwa “onto” da kika ambata hanyarta daban, hawa kan abu take nufi, kamar mage ta yi tsalle ta haye tebur.

Don Allah kada ki sa ta a takardar neman aiki ko a insha'in jarrabawar WAEC da nufin burgewa. Mai dubawa zai ɗauka kin rikita ta da “onto” ne. Inda ta rage da rai a yau shi ne addu'o'i da wa'azin coci, da tsofaffin takardun shari'a, sai 'yan maganganu da suka daskare, irin “a law unto himself”, mutumin da ba ya jin maganar kowa, abin da ya ga dama shi yake yi. Wannan har gobe 'yan jarida suna rubuta ta.

Af, kuma “unto” ɗin da ake ji a Pidgin, in wani ya ce “unto wetin?”, wato saboda me, wannan amfani ne na nan gida, kada ki auna fassarar da ke hannunki da shi. In akwai ayar da ta tsaya miki, turo hoton shafin mu duba bayan Isha'i.