Wani annabi ya ce ina guje wa kiran Allah, in ajiye aikina ne?

Tambaya: Baba Fasto, salama. Ni malamin firamare ne, ina da mata da 'ya'ya 3, ina kuma koyar da yara a makarantar Lahadi. A wani taron addu'ar dare, baƙon mai wa'azi ya nuna ni da yatsa a gaban jama'a, ya ce Allah ya daɗe da kirana aikin fasto ina gudu kamar Yunusa, shi ya sa ɗana ba ya rabuwa da ciwo. Ya ce in ajiye aiki kafin ƙarshen wata, in kawo kuɗin shafewa. Tun ranar ban runtsa ba. Ni ne sanadin ciwon ɗana?

Amsa: Ɗana, kwantar da hankalinka. Ba kai ne sanadi ba. Gobe da sassafe ka kai yaron asibiti a duba jininsa, kada kuma ka rubuta takardar barin aiki.

Wannan magana ta "kana gudu, shi ya sa masifa take binka" ta ishe ni. Mako ba ya ƙarewa ban ji ta ba. Na taɓa zama da wani tela da ya sayar da kekensa na ɗinki saboda irin wannan annabci, ya kama shago ya jera benci shida ya kira shi majami'a. Bayan shekara ɗaya matarsa ta koma gidan iyayenta, yaran sun bar makaranta, shi kuma yana zaune a gabana yana murza hularsa, yana tambayata ko Allah ne ya yaudare shi. Wanda ya yi masa annabcin ya daɗe da barin garin.

Yunusa ya san sarai abin da aka aike shi yi, Allah da kansa ya ambata masa Nineba. Kai fa, wa ya faɗa maka wani abu kafin wannan baƙo ya zo? Ta yaya mutum zai guje wa saƙon da bai taɓa ji ba? A Yahaya 9 almajirai sun tambayi Yesu zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, nasa ko na iyayensa, ya ce ba ko ɗaya. A Irmiya 23:21 kuwa Ubangiji yana kuka da annabawan da bai aika ba amma suka sheƙa da gudu, bai yi musu magana ba amma suka yi annabci. Batun kuɗin shafewa ma ba sabo ba ne. Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi a Ayyukan Manzanni 8, ka karanta irin tsawar da Bitrus ya daka masa.

Dubi yadda aka keɓe Barnaba da Shawulu a Antakiya, Ayyukan Manzanni sura 13. Suna cikin hidima tare da 'yan'uwan da suka san su ciki da waje, ana azumi da addu'a, Ruhu Mai Tsarki ya yi magana, ikilisiya ta ɗora musu hannu ta sallame su. Abin da Bulus ya lissafa wa Timoti a wasiƙarsa ta fari, sura 3, game da shugaban ikilisiya, duk hali ne da ake gani da ido: kamunkai, iya koyarwa, rashin son kuɗi, riƙon gida da kyau. Baƙon dare ɗaya ba zai iya shaida ko ɗaya daga ciki ba.

Mai yiwuwa ne Allah yana kiranka, ban rufe wannan ƙofa ba. Amma ka sani yaran da kake koya wa ayar haddacewa kowace Lahadi, su ma hidima ce, Bulus kansa ya ɗinka alfarwa yana wa'azi. In marmarin aikin bishara yana cin ranka tun kafin wannan taro, ka fara da matarka, domin ita za ta sha wuyar tare da kai. Sannan ka je wurin fastonka da dattawan ikilisiyarku, su ba ka bagade ka yi wa'azi sau da yawa, su lura da kai shekara guda ko fiye. In sun shaida, su ne za su rubuta maka takarda zuwa makarantar tauhidi, ko Kagoro, ko Bukuru, ko Kwarhi, gwargwadon ɗariƙarku. Ka kuma sanar da su sunan wannan baƙo da kuɗin da ya nema, domin ba kai kaɗai ya nuna da yatsa a daren ba.