Muryata tana fitowa kamar daga cikin rijiya

Ɗan'uwa, ka ce duk waƙar da ka ɗauka a ɗakinka sai muryar ta fito kamar kana cikin rijiya, kana tambaya ko sabon makirufo za ka saya. Dakata tukuna, laifin ɗakin ne.

Tsaya a tsakiyarsa ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji wani amo yana bin tafin, to bango da tayil ne ke maido da sautin, makirufo kuma ya kwashe duka. Na sha fama da wannan sosai. Abin da ya fitar da ni shi ne na jingina katifa a bangon da ke bayan mawaƙi, na rataya bargo mai kauri a gefe, na shimfiɗa kafet a ƙasa. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya tsinana abin kirki, kada ka wahalar da kanka.

Sannan ka matso, tazarar bakinka da makirufo kamar santimita 15. Kashe fanka da firji. Ƙarfin sautin kada ya haura -6 dB (desibel, ma'aunin ƙarfin sauti) a mitar manhajar da kake ɗauka da ita, domin muryar da ta fashe tun wajen ɗauka da wuya ta gyaru wajen haɗa ta da kiɗa.