Ƙanƙara a gilashin mota: feshi ko ruwan zafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Aberdin, ƙasar Sikotland, kuma wannan ne hunturuna na farko da mota. Kullum da asuba sai in tarar gilashin gaba ya daskare, ga aiki yana jirana. Na sayi maganin feshi na narkar da ƙanƙara, sai wani abokina ya ce yana cin fenti da robar waifa, gara in riƙa kwara ruwan zafi daga buta. Gilashin kuma yana da ɗan tabo inda tsakuwa ta buge shi. Ban gama biyan kuɗin motar ba, ina tsoron in lalata ta. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kwantar da hankalinka, feshin da ka saya ba zai kashe maka mota ba. Butar ce abin tsoro.

Abin da ke cikin gwangwanin galibi sifirit ne, irin su etanol ko aisofurofanol, wani lokaci da ɗan gilaikol, an gauraya da ruwa. Waɗannan ba sa daskarewa sai sanyi ya yi tsanani ƙwarai. Etanol zalla sai wajen digiri 114 ƙasa da sifili. Idan ya sauka a kan ƙanƙara sai ya cakuɗe da ita, ta koma ruwan da sanyin safiyar ba zai iya sake daskarar da shi nan take ba. Ga amfanin yau da kullum, fenti ba ya jin komai. Robar waifa dai da feshi da babu feshi tana tsufa.

Ka tada mota kana kusa da ita, ka juya iskar hita zuwa gilashi, ka kunna esi tare da ita domin ta tsotse danshi, ka bar iskar waje tana shigowa. In dusar ƙanƙara ta taru, share ta tukuna, feshi ba nata ba ne. Sai ka fesa daga sama ya gangaro, ka ɗan jira, ka bi da makankari na roba. Kada ka taɓa waifa sai ka ɗaga ta da hannu ka tabbatar ba ta manne ba, in ba haka ba ko roba ta yage ko fis ya ƙone.

Yanzu maganar ruwan zafi, wadda na gaji da maimaitawa. Duk hunturu sai an kawo mana gilashi wurin gyara ya dare tun daga wannan gefe har wancan, mai mota yana rantsuwa bai bugi komai ba. In ka matsa masa sai buta ta fito. Gilashi ba ya saurin rarraba zafi. Yana digiri 5 ƙasa da sifili ka watsa masa ruwan da bai daɗe da tafasa ba, wurin da ruwan ya sauka zai buɗe nan take, na kusa da shi yana nan a tsuke, sai su ja juna. Duk wanda ya taɓa zuba tafasasshen shayi a tambulan da sanyin safiya ya ji ƙas, ya san abin. Gilashin gaba ma falle biyu ne da siririyar roba a tsakani, don haka fallen waje ya ɗau zafi, na ciki bai san ana yi ba.

Kai naka ma ya fi haɗari, domin ka ce akwai tabo. Daga nan tsaga take farawa. Ruwa ya shiga ramin, dare ya yi ya daskare ya ƙara faɗi, gari ya waye ka kawo buta. Abokin naka zai ce shekara nawa yana yi bai fasa ba. Gilashinsa ba shi da tabo, ko ranarsa ce ba ta zo ba, kuma ranar da naka ya fashe ba shi zai biya ba.

Wasu su ce to ai ruwan ɗumi suke zubawa. Wa ya auna? Da asuba kana sauri, abin da butar ta ba ka shi za ka zuba. Ko da gilashin ya tsira, ruwan nan zai gangara cikin ramin waifa da bakin ƙofa ya sake daskarewa, wanda ya zuba a ƙasa kuma ya zama santsi a ƙofar gida, tsohuwar maƙwabciyarka ta taka. Sannan ga malaman bidiyo na TikTok da WhatsApp: wannan ya ce ruwan zafi a leda, wancan ya ce ruwan gishiri, wani ya ce a goga albasa ko dankali. Ledar dai zafin nan ne take kawowa, a wuri guda. Gishiri kuwa tsatsa yake gayyata a ƙarfen da ke riƙe da gilashin, motar da tuni take shan gishirin da hukuma ke watsawa a titi. Mutum bai taɓa cire gilashi ko ɗaya ba, amma yana da mabiya, shi ke nan ya zama injiniya.

Kuma gilashin motocin yanzu ba na da ba ne. Da yawa akwai kyamara a bayansa, in an canza sai an sake saita ta, wani kuɗin ke nan. A gwajin MOT, wato binciken lafiyar mota da ake yi duk shekara a Birtaniya, lahanin da ya wuce milimita 10 a daidai gaban direba yana kayar da mota, a sauran inda waifa ke shara kuwa milimita 40. Saboda haka ka kai a cike tabon nan a makon nan, ka duba takardar inshorarka, sau da yawa tana ɗauke da gyaran gilashi.

Abu biyu na doka. Sashe na 229 na kundin dokokin hanya na Birtaniya ya ce a share ƙanƙara daga dukkan tagogi, fitilu da lamba su fito fili. Ɗan ramin nan da ake yi ana leƙen titi ta ciki bai wadatar ba. Sashe na 123 kuma ya hana barin mota a kunne a kan titi babu kowa. Ɓarayi sun san safiyar sanyi, kuma in makulli na ciki inshora na iya ƙin biya. Cikin rufaffen gareji kuwa kada ka ɗumama injin ko kaɗan, hayaƙin yana kisa ba tare da wari ba.

Gwangwanin yana kama wuta, kuma guba ne in yaro ya sha, musamman mai metanol, sai a ɓoye. Ka zuba ruwan waifa na hunturu a tanki, ba ruwan famfo ba. Da dare ka rufe gilashin da murfin da ake sayarwa don haka. Jarida in ta jiƙe mannewa take yi.